Tunau Na-Ƙetare da Gidan Sukarin Rugama

A zamanin Sarki Cindo ɗan Nomau, na tara a jerin sarakunan Rugama, babu abin da ya ɗaukaka sunan birnin nan kamar wani gida da ke wajen ganuwa, a bakin kogin Zauma, daidai inda jirage ke tsayawa. Gidan Sukari ake ce masa. Tun daga nesa matuƙa ke hango hayaƙinsa, kafin su iso gaɓa kuma ƙanshin dafaffen rake ya tarye su a kan ruwa. A ciki shanu ke zagaye suna juya wasu manyan itatuwa uku da ke matse rake, ruwan ya bi kwararon katako ya zuba cikin tukwane shida na jan ƙarfe, kowace ƙato zai zauna a ciki ba a ga kansa ba. Mazarƙwaila dai kowa ya san ta a ƙasar. Abin da ba a taɓa gani ba shi ne sukari fari fat, curi-curi, wanda fatake ke naɗewa cikin ganye su kai shi garuruwan da ko sunan Sarkin Rugama ba a sani ba.

Mutum ɗaya tak ya san yadda ake mai da shi fari. Sunansa Tunau, mutanen gari na kiransa Na-Ƙetare. Yana saurayi aka kama shi a gonar ubansa, aka bi da shi kasuwa-kasuwa har bakin teku, aka haye da shi ƙasar Nasara. Shekara ashirin da bakwai ya yi a gaban wuta yana dafa musu rake. Da Allah ya nufa ya sami kansa, sai ya dawo, ya yi wata bakwai a kan hanya yana neman ƙauyensu Ɗanmarke. Kufai ya tarar, har rijiyar garin ta rufta, kuma duk wanda ya tambaya bai san inda mutanen suka yi ba. Haka ya faɗo Rugama da furfura a ka, ba mata, ba ɗa, ba wanda zai ce ya san ubansa. Hausar ma ta yi masa nauyi a baki, yakan tsaya tsakiyar magana yana laluben kalma, mutane su jira ya wuce su yi dariya.

Sarki Cindo ya ba shi fili, ya ba shi maƙera da shanu, shekara tara ke nan. Mutum arba'in ke aiki a ƙarƙashinsa, dukansu 'ya'ya ne, babu bawa ko ɗaya. In yamma ta yi kowa ya wanke hannu ya shige birni wurin iyalinsa, a bar Tunau da tukwane. Wanda kaɗai yakan zo ya zauna da shi shi ne Sarkin Ruwa Arzika, shugaban matuƙa da masunta. Bayan la'asar sukan zauna a kan wani kifaffen jirgi suna kallon kogi, wata rana har su tashi ba su yi magana biyar ba.

A shekara ta tara ɗin nan, ana tsakiyar yankan rake, sai aka wayi gari ƙudan zuman da kullum ke cika gidan sun ɓace, ba ko ɗaya. Ma'aikata suka tsorata, magana ta kai fada. Limamin gari ya ce a yi sadaka, domin halitta ba ta barin zaƙi sai ta ji ƙanshin abin da ya fi shi ƙarfi. Kwana uku da wannan, jirgi mai tuta ya tsaya a gaɓa, jakadan Sarkin Tsaure Bagudu ya fito.

Tsaure tana gangaren kogi, tafiyar kwana huɗu. A da duk fatake a can suke sauke kaya. Tun da aka gina Gidan Sukari sai suka riƙa wuce ta, kasuwarta ta fara mutuwa.

Aka sauki jakadan a gidan Galadima Shekarau, babban ɗan majalisar Sarki. Ran na uku aka tara fada, aka aika Tunau ya zo. Ya zauna can bakin ƙofa, kusa da inda ake ajiye takalma.

Jakada ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki. Ubangijina Sarkin Tsaure yana gaishe ka gaisuwar maƙwabtaka. Ya ce in gaya maka, ƙauyen Ɗanmarke tun kakanni ƙasar Tsaure ce, duk wanda aka haifa a cikinta talakansa ne. Akwai talakansa ɗaya a hannunka, shekara tara yana yi maka aiki. Ya ce ka mayar masa da shi cikin girma da arziki. In ka ƙi, to jiragensa ɗari da ashirin ne, kuma bindigoginsa ba na ado ba ne."

Sarki ya sa aka fitar da jakadan, ya dubi majalisa.

Galadima ya gyara zama ya ce, "Allah ya ba ka nasara. Ni ban ga abin yaƙi a nan ba. Mutumin nan baƙo ne, ba shi da kabarin uwa ko na uba a Rugama. Abin da muke so a wurinsa yana cikin kansa, kuma ana iya kwashe shi. A nemi jinkirin wata biyu, ya koya wa mutum goma daga cikin bayin Sarki, sa'an nan a ɗora shi a jirgi da kyauta mai kyau. Gida ya zauna mana, jinin 'ya'yanmu ya zauna a jikinsu."

Fadawa da yawa suka gyaɗa kai. Sai Sarkin Ruwa Arzika ya ce, "Zaki, a ba ni izini. Ranar da mutumin nan ya sauka a gaɓata, da sanda ɗaya ya zo da buta. Kai ka ce masa ya zauna, yana cikin amanarka, ni ina tsaye aka faɗa. In yau muka miƙa shi don an ƙirga mana jirage, baɗi za a zo a ce mu miƙa tashar jiragen, mu miƙa. Galadima ya ce ba shi da kabari a nan. To wa ya zo duniya da kabarinsa?"

Aka yi ta ja har rana ta take tsaka. Daga nan Sarki ya ɗaga hannu, ya ce, "Na-Ƙetare, matso. Kanka ake magana, me ka ce?"

Tunau ya matso ya durƙusa. Ya daɗe yana neman kalma, ba wanda ya yi dariya. Ya ce, "Ranka ya daɗe, gaskiya ne Ɗanmarke ta Tsaure ce. Dakarun Tsaure ne suka kama ni, a kasuwar Tsaure aka fara sayar da ni. Ranar ba wanda ya ce ni talakansu ne. In ka ba da ni, ba ni da ƙarfin hanawa. Amma ba zan hura wuta a Tsaure ba, ko za a yanka ni. Maganar koyarwa kuwa, duk ɗan da ya zo da ƙafarsa zan koya masa in lokaci ya yi. Wanda aka kawo da igiya ba zan koya masa ba."

A ƙarshe Sarki ya ce a gaya wa jakada, Rugama ba ta ba da baƙonta. Aka buga tambari, aka watse.

Kwana goma sha biyu bayan haka, masunta suka kawo labari jiragen Tsaure sun taso. Da la'asar Sarkin Ruwa ya zo Gidan Sukari, bai zauna ba.

Ya ce, "Malam Tunau, an juya Sarki. Galadima ya ce masa bindiga ba ta cin ganuwa, don haka a tara kowa a ciki a rufe ƙofa. Ni ma an ce in ɓoye jiragena bayan tsibiri, kada in fito sai an aiko. Ka gane abin da ake nufi. Gidan nan a waje yake."

"Na gane."

"Jakadan nan da akwati biyu ya shiga gidan Galadima, matuƙana ne suka ɗauka masa. Hannu wofi ya fito. In ka shiga birni, ƙofar da za a buɗe maka ta Galadima ce, ban san inda za ka kwana ba. In ka tsaya nan, kai kaɗai ne. Zo in haye da kai yanzu, in kai ka wurin dangin matata a hayi."

Tunau ya dubi tukwanen, ya dubi jerin mazuban yumɓu da sukari ke tsanewa a ciki. Ya ce, "Sarkin Ruwa, an taɓa fitar da ni daga inda nake, na dawo na tarar da kufai. Na gaji. Nan ne kaɗai wurin da na aza tubali da hannuna."

Arzika ya ce, "To in ka ga sun cika gaɓa, ka zuba ɗanyen ganye a wuta, hayaƙi ya yi baƙi. Daga bayan tsibiri ina hangowa. Abin da Sarki zai yi mini, ya yi."

Tunau ya tara ma'aikata ya gaya musu gaskiya, ya ce duk mai son shiga birni ya tafi, ba laifi. Goma sha takwas suka tafi. Ashirin da biyu suka tsaya.

Gidan a kan tudu yake. Daga gaɓa zuwa ƙofarsa hanya ɗaya ce, matakala da aka sassaƙa a jikin gangare, mutum huɗu ke iya jerawa a kanta. Tunau ya sa aka kwance kwararon katako daga wurin matsa, aka juyo bakinsa ya leƙa kan matakalar. Aka cika tukwane shida, aka hura musu wuta.

Da hantsi jiragen suka ɓullo, sun rufe kogi daga gaɓa zuwa gaɓa. Suka sako harbi, hayaƙin albarushi ya kwanta a kan ruwa, harsashi yana fasa mazubai a cikin rumfa, farin sukari yana watsuwa a ƙasa. Ganuwar birni ta cika da mutane, amma ko kibiya ɗaya ba ta fito ba. Mayaƙan Tsaure suka dira a gaɓa, wani mai jar hula a gabansu yana kira, "Ku fito da Na-Ƙetare, ba ruwanmu da kowa."

Suka fara hawa da garkuwoyi a ka. Babban ma'aikacin gidan, wani ƙaƙƙarfa mai suna Barau, yana riƙe da igiyar da za ta karkato tukunyar farko, idonsa a kan Tunau. Tunau ya san abin da tafasasshen maɗi ke yi wa fata, ya gani da idonsa a ƙetare: ba ya gangarewa kamar ruwa, liƙewa yake yana ci. Ya tsaya har na gaba suka kai rabin matakala, har Barau ya ce, "Maigida, sun iso." Sa'an nan ya sauke hannu.

Abin da ya biyo baya, waɗanda suka gani daga kan ganuwa ba su so ba da labarinsa ba. Na gaba suka jefar da garkuwa suka faɗa kan na baya, na baya suna turowa ba su san abin da ake ciki ba. Aka karkato ta biyu, aka karkato ta uku. Tunau da kansa ya rungumo ɗanyen ganyen rake ya danna a murhu, baƙin hayaƙi ya miƙe sama.

Tukunya ɗaya ta rage lokacin da aka ji kuge daga bayan tsibiri. Jiragen Sarkin Ruwa arba'in suka fito da gudu, ruwa na taimakonsu, suka afka wa jiragen Tsaure da aka bari kusan ba kowa a ciki. Suka kifar da wasu, suka yanke igiyar wasu kogi ya tafi da su. Waɗanda ke tsakiyar ruwa da suka ga haka sai suka juya gangare. Na kan gaɓa suka rasa gaba suka rasa baya, suka zubar da makamai. A lokacin ne aka buɗe ƙofar birni, mutanen Galadima suka fito da igiyoyi.

Tunau ya sauka yana neman Arzika. Ya same shi a kwance cikin jirginsa, harsashi ya shiga ƙarƙashin haƙarƙari, matuƙa sun kewaye shi. Ya durƙusa a cikin ruwa ya riƙe hannunsa.

Arzika ya ce, "Na ga hayaƙin."

"Ka zo, Sarkin Ruwa."

"Gidan yana nan?"

"Yana nan."

Ya yi kalmar shahada, ya cika. Da aka ɗauke shi zuwa birni, dangi suka rufe gawar da kuka, Tunau ya bi su daga can baya. A wurin jana'iza ma sahun ƙarshe ya samu.

Kwana bakwai bayan yaƙin aka tara fada. Aka kira Tunau, wannan karon aka zaunar da shi gaban Sarki. Aka yafa masa alkyabba, aka naɗa masa rawani, sanƙira ya yi shela cewa daga yau shi ne Sarkin Rake na Rugama. Ba wanda ya ta da maganar akwati biyu, wanda zai ta da ita yana kabari.

Galadima ya ce, "Allah ya ba ka nasara, Allah ya kawo mana hannuwa har gida. Kamammun Tsaure ɗari uku ne da 'yan kai. A ba Sarkin Rake su, a ƙara tukwane goma sha biyu, wuta ta riƙa ci ba dare ba rana. Waɗanda suka zo rushe gidan su gina shi."

Sarki ya yi murmushi ya ce, "Madalla da wannan shawara. Sarkin Rake, na ba ka su."

Tunau ya ji rawanin ya yi masa nauyi. Ya sunkuya ya ce, "Ranka ya daɗe, aro ne aka ba ni, ko kyauta?"

"Sarki ba ya ba da aro. Naka ne halak malak, majalisa shaida ce."

Washegari da safe dogarai suka koro su zuwa gaɓa, an ɗaure su wuya da wuya. Tunau ya bi layin yana duba su ɗaya bayan ɗaya. Da yawa ƙunar tana jikinsu, ƙuda na bi. Ya tsaya gaban wani magidanci da fatar kafaɗarsa ta saluɓe. Mutumin bai ɗaga kai ba, ya ce, "Ranka ya daɗe, nan za a bar mu, ko gaba za a yi da mu? Ina da 'ya'ya huɗu. In nan ne, wata rana labarina zai kai musu."

Tunau ya buɗe baki, Hausar ta ƙi zuwa. Ya juya ya tafi wurin matuƙan marigayi Arzika, waɗanda ke zaune jugum a bakin jiragensu. Ya ce, "Kamammun nan dukiyata ce, Sarki ya faɗa a gaban majalisa. Ina so a haye mini da ita. Duk abin da ya biyo baya, ni na sa ku." Babbansu ya dube shi, ya dubi 'yan'uwansa, ya tashi ya ɗauki filafilin tuƙi.

Shugaban dogarai ya ce, "Sarkin Rake, ka san abin da kake yi?"

"An ce ka kawo su, ka kawo. Koma ka faɗi abin da ka gani."

Kafin azahar an yanke igiyoyi, an haye da su duka. Daga hayi kowa ya kama hanyar Tsaure, masu ƙarfi suna tallafe da masu ƙuna. Ba wanda ya waiwayo.

Da la'asar aka zo da Tunau fada, ba alkyabba. Galadima ya ce wannan cin amanar ƙasa ne, ya mayar wa abokin gaba mayaƙa ɗari uku, hukuncinsa takobi. Ya ce a bi su tun ba su yi nisa ba.

Sarki ya ce, "Na-Ƙetare, na ɗaukaka ka a gaban jama'a, ka kunyata ni a gaban jama'a. Me ya sa?"

Tunau ya ce, "Ranka ya daɗe, na ƙona su don kada su kama ni. Wannan na ɗauka, zan amsa shi a gaban Allah. Amma in tsaya a kansu da bulala, kamar yadda aka tsaya a kaina, wannan ba zan iya ba. In an bi su an kamo, ko mutum ɗaya ne, Rugama ta gama ganin farin sukari. In an bar su, zan dafa maka har ranar da hannuna ya daina ɗaguwa."

Sarki Cindo ya daɗe yana shafa gemu, kowa ya san abin da yake aunawa. Ya ce kada a bi kowa. Ya ce a kwance rawanin. Ya ce mutumin da ya raina kyautar Sarki ya zama shi ne kyautar: daga yau Tunau bawan gidan sarauta ne, Galadima zai riƙe Gidan Sukari, a sa masa mari a ƙafa kada wani jirgi ya sake ɗaukar abin da ba nasa ba.

Aka mai da shi gidan da ya gina. Ma'aikata suka tsaya nesa, kowa kansa a ƙasa, Barau ya juya baya yana kallon bango. Aka kafa turke kusa da murhu, Sarkin Maƙera ya zo da kansa da sarƙa da guduma. Ya durƙusa, ya naɗe ƙafar wandon Tunau, sai ya tsaya. Akwai wani tsohon tabo da ya kewaye idon sawun, ya lotsa, fatar wurin ta yi sulɓi. Shekara tara suna gari ɗaya, ba wanda ya taɓa gani.

Maƙerin ya ce a hankali, "In sa a ɗaya ƙafar, Malam?"

Tunau ya ce, "Sa a nan. Waccan ba ta saba ba."